Angura Bibi, Matar da Ta Yi Zaɓe Sau Ɗaya

Haihuwa da karatu

An haifi Angura Bibi a shekarar 1948, a ƙauyen Nowagaon da ke bakin kogin Kushiyara a ƙasar Silet, tun ana kiran yankin Gabashin Pakistan, kafin ya zama Bangladesh. Mahaifinta, Arjumand Ali, mai fito ne, mahaifiyarta kuwa Soyful Bibi, wadda ta shahara da iya busar da kifi. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ta yi karatun Alƙur'ani a makarantar masallaci, aka kuma sa ta firamare, inda ta yi aji uku kafin ambaliyar 1959 ta tafi da makarantar, ba a sake gina ta ba sai bayan ta isa aure. Abin da ta fita da shi shi ne haruffan Bangla, waɗanda take karantawa a hankali tana bin su da yatsa.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1966 aka ɗaura mata aure da Tafazzul Ali Tarafdar, malamin firamare daga ƙauyen da ke ƙetaren kogi, wanda kowa ke kira Masta Sab, wato Malam. Mutum ne mai gaskiya da kaifin basira, mai taurin kai irin wanda ko ruwan sama sai ya yi gardama da shi. Daga ranar da ta shiga gidansa harshenta ya saki sunansa, bisa al'adar matanmu na wancan zamani. Kakanni sun koyar cewa duk lokacin da mace ta kira sunan mijinta, ta yanke wani abu daga kwanakinsa. Limamai sun sha faɗa cewa wannan ba ya cikin addini, mata kuwa sukan ce ai ba liman ke zaman takaba ba. Da fari tana ce masa "shi", bayan haihuwar ɗansu na fari, Ruhel, a 1970 ya koma Abban Ruhel, ita kuma Amman Ruhel, domin Amma muke ce wa uwa. Dilruba ta biyo baya a 1973, sannan Shipa a 1977.

A ƙauye ba a bukatar karatu kafin a yi zaɓe, domin kowane ɗan takara da alamarsa, wannan lema, wancan kifi, wani fitila, mutum ya dangwala hatimi a kan wadda yake so ya fita. Duk da haka Angura ba ta taɓa shiga rumfa ba, saboda surukinta ya hana matan gidansa zuwa. Aikinta a ranar zaɓe shi ne dafa wa maza shayi idan sun dawo suna musu.

Hijira zuwa Amurka

A 1979 Tafazzul ya bar koyarwa ya tafi New York, inda malamin makaranta ya koma mai wanke kwanuka a gidan abinci. Can ya gane cewa Turancin littafinsa bai isa sayen burodi ba, ya shiga makarantar yamma, ya sha dariyar yaran da bai kamata su ɗaga ido su dube shi ba, har harshen ya zauna masa. Bai taɓa mantawa da wannan wahala ba, kuma bai yafe wa wanda ya guje mata ba. Angura ta riƙe gida da yara ita kaɗai har 1990, lokacin da takardunsa suka daidaita ya ɗauko su. Bayan shekara huɗu suka koma wani ƙaramin gari a gefen Detroit, tsohon garin 'yan asalin Poland, wanda mutanenmu suka fara cika shi saboda masana'antun kayan mota. Ya yi aiki a masana'anta, daga baya ya buɗe kantin shinkafa da daskararren kifi.

Ita kuwa ba ta koyi Turanci ba, kuma babu wanda ya taɓa ba ta lokacin koyo. Ta dafa wa 'yan haya abinci, ta raini jikoki, ta shuka ƙwarya da barkono a bayan gida, ta yi wa matan unguwa jinya. Duk muna kiranta Bhabi, wato matar yaya. Idan baƙi maza sun zo, tiren abinci ne ke fitowa daga bayan labule, ita ba a ganinta.

Gardamar Turanci

A zaɓen majalisar gari na 2003, wani dillalin ƙuri'a mai suna Foyez ya riƙa kwaso tsofaffi a mota yana shiga rumfa da su da sunan taimako, yana cika musu takarda yadda ya ga dama. Wannan ya faru, kowa ya sani, kuma abin kunya ne. Tafazzul ya fusata, ya haɗa kai da wasu tsofaffin mazauna garin suka kafa ƙungiya, matsayinsu shi ne wanda bai iya Turanci ba bai cancanci zaɓe ba, domin bai ji muhawara ba, bai karanta abin da ke gabansa ba, kuma ƙuri'arsa ta mai riƙe masa hannu ce. Da matasa suka kai koke majalisa suna neman a buga takardar zaɓe da Bangla, shi ne ya miƙe ya yi jawabin da ya kashe maganar, da Turanci mai kyau, har Turawan suka tafa masa. Mu da muke zaune a baya muka rasa inda za mu sa fuskokinmu.

A shagon shayi kullum sai an taɓa shi. Moklis Miya, direban tasi kuma abokin wasansa, shi ya fi matsa masa.

"Masta Sab, ni da Turancina bai wuce 'ina za ka' ba, ni ma gida zan zauna?"

"Ka je makaranta kamar yadda na je. Fensir bai taɓa kashe kowa ba."

"Masu haraji dai ba su taɓa yi mini jarrabawa kafin su karɓa ba."

"Moklis, wa ka zaɓa wancan karon?"

"Wanda Foyez ya ce."

"Ya sunansa?"

Moklis ya sosa ƙeya, shago ya fashe da dariya.

"Ka gani? Kai ka shiga rumfa, Foyez ya yi zaɓe."

"To Bhabi fa? Turancinta ya kai nawa?"

"Bhabinka tana gida. Ba ruwanta da siyasa."

Zama 'yar ƙasa

A nan Masta Sab ya yi kuskure. A 2006, bisa sassaucin da doka ta yi wa masu shekaru da suka daɗe a ƙasar, Angura ta amsa tambayoyin zama 'yar ƙasa da harshenta ta bakin tafinta. Dilruba, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya, ita ta riƙa yi mata bita suna gyaran kifi. Maigidan bai hana ba, amma ya ce wannan shiga ce ta ƙofar baya, kuma bai je wurin rantsuwa ba. Ta dawo da 'yar tutar da aka ba ta, ta soke ta a tukunyar barkono, ta ce a sa sunanta cikin masu zaɓe.

A 2007 Tafazzul ya tsaya takarar kansila. Tun da doka ta bar wanda bai iya karatu ba ya shiga da mataimaki, kuma ba shi da ikon sauya ta, sai ya tara wakilan ƙungiyarsa da za su sa ido a rumfuna ya ba su umarni. Duk wanda ya zo da mataimaki, kada a yarda da gyaɗa kai ko nuna yatsa, domin da su Foyez ke sata. Sai mai ƙuri'a ya faɗi sunan ɗan takara da bakinsa an ji. Ya ce musu kada su ɗaga wa kowa ƙafa, ko da daga gidansa mutum ya fito.

Ranar zaɓe

Da safen zaɓe, a watan Nuwamba, ya ga ta sa sarinta, wato dogon zanen matanmu, mai ruwan ganye na zuwa biki.

"Amman Ruhel, ina zuwa?"

"Inda kowa zai je."

"Zauna abinki. Ƙuri'arki ɗaya ba za ta ƙara ni da komai ba."

"Shekara arba'in ina dafa wa masu zaɓe shayi. Yau ni ma sai na ga cikin rumfar nan. Kuma in ban zaɓi na gidana ba, wa zai zaɓe shi, Moklis?"

Ya yi tsaki ya fita zagayen rumfuna. Bai tuna da umarninsa ba, ko kuwa bai taɓa kawo wa ransa cewa umarnin zai iya isowa kanta ba.

Rumfarmu tana ƙarƙashin tsohon cocin 'yan Poland, kuma mai wannan rubutu tana cikin layi a bayanta. Wakilin ƙungiya a wurin shi ne Mista Kazimir Dudek, tsohon ɗan kwana-kwana, aminin Tafazzul, wanda ya sha cin kifinta a falonta bai taɓa ganin fuskarta ba. Matanmu ba sa ɗaukar sunan miji, don haka Angura Bibi kawai ya ji an kira. Da ya ga Dilruba za ta shiga da ita, sai ya ɗaga hannu ya ce yana da ja, sai tsohuwar ta faɗi wanda take so da bakinta. Shugabar rumfar yarinya ce sabuwa a aikin, ta duba tsohon, ta duba layi, ta yarda. Lauyoyi sun bayyana daga baya cewa wannan ya saɓa wa doka ƙarara, amma a ranar babu lauya a ginin.

Dilruba ta ce masa da Turanci, "Mista Dudek, matar ɗan takararka ce. Uwata ce."

Tsohon ya yi ja har kunnuwa, ya cire hula, amma bai janye ba. "Ki gafarce ni, 'yata. Mahaifinki da bakinsa ya ce ko daga gidansa ne. In na ɗaga mata, gobe a ce mun yi son kai. Suna kawai za ta faɗa, ai ta san sunan mijinta."

Dilruba ta juya ta fassara. Angura ta gyara mayafi ta ce, "Gaya masa Abban Ruhel."

Aka gaya masa. Ya ce babu ɗan takara mai wannan suna a takarda.

Sai layin mata ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata tsohuwa da muke kira Sasi, gwaggon kowa, ta kama hannunta. "Ke, mu tafi gida. Zaɓen me? Kujerar kansila ta kai ran miji?"

"Amma, bari in kira Abba a waya," in ji Dilruba.

"Kada ki kira shi. Ya zo ya karya dokarsa a gaban mutane, a yi masa dariya a shagon shayi?"

"To mu koma. Wani karon ma yi."

"In na fita yanzu, za a ce ko matarsa ba ta zaɓe shi ba."

Ganyen pan da take taunawa kamar goro ta cire ta naɗe a hankici, ta goge bakinta kamar mai shirin karatu. Sannan ta dubi Mista Dudek ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa baƙon namiji ba, ta ce da ƙarfi yadda har na bakin ƙofa suka ji: "Tafazzul Ali Tarafdar."

Sasi ta dafe ƙirji tana tuba, tuba. Wata ta toshe kunnuwan jikarta. Maza biyu da ke layin gefe suka sunkuyar da kai kamar sun ga tsiraici. Mista Dudek, wanda bai san abin da ya faru a gabansa ba, ya yi murmushi ya ce madalla, ya kauce. Ta shiga da 'yarta, ta jefa ƙuri'arta, aka manna mata 'yar takardar shaidar ta yi zaɓe a kafaɗa.

Bayan zaɓe

Tafazzul ya ci kujerar da rata mai yawa, amma labarin ya riga sakamakon isa gare shi. Dilruba ta ce ya shigo gida bai cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a ƙofar madafa.

"An ce kin kira ni."

"An ce in kira."

"Wa ya ce?"

"Kai."

Sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Camfin ƙauye! Ga ni garau. Ki kira sau ɗari in kin so." Angura ta ce masa ya yi shiru don Allah, ta zuba masa shinkafa, bai iya ci ba.

A taron ƙungiya na gaba ya soke umarnin faɗin suna, bai ba da dalili ba. Amma a kan takardar Bangla bai sauya ba ko kaɗan, domin da aka sake kawo koken majalisa a watan Janairu, ya sake tsayawa ya ƙi, yanzu kuma da kujera a ƙarƙashinsa. Ita kuwa ta shiga azumin nafila, ta yi sadakar akuya a ƙauye ta hannun ƙaninta, ta hana shi gishiri da zaƙi, in ya yi tari sai ta miƙe tsaye.

A watan Fabrairun 2008, da hantsi, yana kwashe dusar ƙanƙara da shebur a ƙofar kantinsa, ya faɗi, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Yana da shekara sittin da shida. Likitoci sun ce jijiyoyin zuciyarsa sun daɗe da toshewa, ga ciwon sukari na shekaru, kuma Dilruba da ke aikin asibiti ta zauna ta yi wa uwarta bayani dalla-dalla. Liman ya zo gida da kansa ya karanta mata ayoyin ajali. Ta saurari kowa da ladabi, ta ce, "Na ji. Amma shekara arba'in da ɗaya da sukarinsa da komai yana tafiya da ƙafarsa. Na buɗe baki, bai ga damina ba."

Mista Dudek ya zo ta'aziyya, a lokacin an riga an fahimtar da shi abin da ya sa ta yi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya tsaya da safa a kan ƙanƙara yana kuka, ya kasa shiga. Ruhel ya so ya kore shi. Daga bayan labule ta ce, "Ku shigo da shi ku ba shi shayi. Aikin da aka sa shi ya yi."

Shekarun takaba

Ta koma farin sari, ta bar zuwa biki, ta ci gaba da shukarta da jikokinta. Zaɓe ya zo ya wuce sau da dama, ciki har da na shugaban ƙasa wanda unguwa duka ta fita, 'ya'yanta suka roƙe ta, ta ƙi. A unguwa kuma gardamar mijinta ba ta mutu da shi ba. Wasu na cewa gaskiyarsa, Foyez na nan da motarsa. Wasu na cewa Foyez bai taɓa samun abinci ba sai a wurin wanda aka ba takardar da ba zai iya karantawa ba. Moklis Miya ya daina sa baki, in an taso da maganar sai ya biya kuɗin shayinsa ya fita.

A 2012, bayan ƙidayar jama'a ta nuna yawanmu, aka wajabta wa garin buga takardar zaɓe da Bangla. Dilruba ta karɓo samfurin da ake rabawa a masallaci ta kawo mata, tana murna, tana tsammanin abin zai faranta mata rai. Angura ta sa tabarau, ta shimfiɗa takardar a kan tabarmar salla, ta ɗora yatsa ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ba ta nemi taimako ko sau ɗaya ba.

"Wannan ita ce ya hana?"

"Ita ce, Amma."

"Mutum ya karanta da idonsa, ya cika da hannunsa, ya fita?"

"Haka ne."

"Ba mai tambayarsa komai?"

"Babu."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Ashe da akwai wannan, da ban buɗe bakina ba."

Dilruba ta ce a lokacin ta gane abin da ta kawo wa uwarta, ta so ta janye takardar, tsohuwar ta danne ta da tafin hannu. Da ta tambaye ta ko za ta je wannan karon, tunda yanzu babu mai tsare ta, sai ta ce, "Wanda zan zaɓa na riga na zaɓe shi."

Rasuwa

Angura Bibi ta rasu ranar Juma'a a watan Maris na 2013, a gidanta, bayan gajeriyar jinyar ciwon huhu, tana da shekara sittin da biyar. An yi mata salla a babban masallacin unguwa bayan Juma'a, aka binne ta a sashen Musulmi na maƙabartar bayan gari, kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: Ruhel Ahmed Tarafdar, wanda ya gaji kantin, da Dilruba, ma'aikaciyar jinya, da Shipa, malamar makaranta a Toronto, da jikoki tara. Allah ya jiƙanta, ya gafarta wa mijinta. Ta yi shekara bakwai tana 'yar ƙasa, ta jefa ƙuri'a sau ɗaya, kuma har ta koma ga Mahaliccinta babu likita ko liman ko ɗa da ya iya raba ta da yaƙinin cewa da ƙuri'ar nan ta kashe mutumin da ta je zaɓa.